Tambaya da Amsa: Liyafar Abincin Meziko a Gida

Tambaya: Ina son in shirya wa mutum 10 liyafa irin ta Meziko. Me zan tanada?

Amsa: Hajiya, tako ne uwar tafiya, wato nama da ake sakawa cikin tortilla (wani siririn burodi mai faɗi na masara ko alkama) a ninke. Ki tanadi tortilla 30 da gasasshen nama kilo 2, a yanka sirara. Ki ɗumama kowace tortilla a busasshen kasko, daƙiƙa 30 kowane gefe, ki nannaɗe su cikin tawul. In sun huce a buɗe, karyewa suke yi.

Guacamole kuwa, wato haɗin fiya da ake ci da tako, ki dama fiya 5 nunannu da ruwan lemon tsami 2, albasa, attaruhu da gishiri. Sai dab da zuwan baƙi za ki haɗa, don iska na sa ta yi baƙi.

Abin sha ba wahala: zoɓo mai sanyi, wanda can suke kira agua de jamaica.