Tambaya da Amsa: Wai sabuwar burauzar nan ta fi Chrome da Opera Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni harkar tumatir da tattasai nake a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Satin da ya wuce na kai wayata Computer Village a canza min sikirin, yaron da ya yi min aikin sai ya saka min wata burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, mai hoton kan zaki wai sunanta Brave, ya ce sabuwa ce, ba ta cin data kuma talla ba ya fitowa, wai in goge Chrome da Opera Mini duk sun tsufa. Ni kuma tun ina riƙe Nokia mai madannai nake tare da Opera Mini, shi ne na ce bari in tambaya kafin in goge abin da na saba da shi. Daga mai karatunku a Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Da farko kar ka goge komai tukuna, waya tana ɗaukar burauza uku ba tare da ta yi gardama ba.

Yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ɗan zuba gishiri. Brave ba yau ta fito ba, tun 2016 take, a wajenmu ne dai take sabuwa. Wanda ya kafa kamfaninta, Brendan Eich, shi ne ya ƙirƙiro JavaScript a 1995, yaren kwamfuta da kusan kowane shafin intanet ke motsi da shi, kuma da shi aka kafa Mozilla masu Firefox, to ka ga ba ɗan koyo ba ne. Amma ga abin da masu gyaran waya ba sa faɗa: idan ka buɗe cikinta injin Chrome ne a ciki. Google ta fitar da Chrome a 2008 ta kuma bar ginshiƙinsa a buɗe da sunan Chromium, kowa na iya ɗauka ya yi gini a kai. Opera ta koma kansa a 2013, Microsoft ma da ta gaji ta ɗora Edge a kansa a 2020, haka Samsung Internet, haka Brave. Ka tsaya a Oshodi ka kalli motocin haya na danfo, wannan an rubuta masa addu'a a baya, wancan an manna masa hoton ɗan ƙwallo, wani an cire kujera an sa benci, amma in bakanike ya buɗe inji kusan duk abu ɗaya zai tarar. A manya Firefox da Safari ne kaɗai ke da injinsu daban.

To in haka ne ina bambancin yake? Yana wajen abin da kowacce ta yarda ya shigo wayarka. Kwanaki ina zaune wajen mai shayi a Agege wani ɗan'uwa ya miƙo min wayarsa in duba masa sakamakon wasa, labarin layi shida ne kacal amma kafin ya fito sai da wani bidiyon talla ya fara wasa da kansa a sama, wani akwati ya rufe rabin fuskar wayar, ina ƙoƙarin danna ɗan alamar rufewa yatsana ya zame ya kai ni shafin caca. Duk waɗannan da datarka ake sauke su, ga kuma wasu ƴan leƙen asiri da ba a gani, masu bin ka daga shafi zuwa shafi suna rubuta abin da kake dubawa don a san tallan da za a nuna maka. Brave tana tare su tun daga bakin ƙofa ba sai ka saita komai ba, shi ya sa shafi ke buɗewa da sauri, data ta ragu, batir ma ya ɗan huta. Chrome ba za ta yi maka haka ba, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Google da talla take ci.

Opera Mini kuma dabararta daban ce, kuma gaskiya ina jin haushin yadda ake raina ta. Ita idan ka nemi shafi ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin su matse shi su rage nauyin hotuna sannan su turo maka. Shi ya sa tun zamanin Nokia take buɗe shafi a inda sabis ke sanda ɗaya, kuma har gobe in ka je gida ƙauye ko kana kan hanya cikin motar kaya, a yanayinta na matsewa sosai da wuya ka samu wadda ta kai ta tattali. Matsalar ita ce matsewar tana karya wasu shafukan, fom ya ƙi cikuwa, maɓalli ya ƙi dannuwa, don haka ni ba na shiga harkar kuɗi ko cike fom ɗin hukuma da ita. Chrome ma ta taɓa samun irin wannan tsarin rage data amma ta cire shi a 2022.

Kuma don Allah a daina cewa wata burauza "ba ta cin data". Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ya zama mai lissafi, na sani, amma in bidiyo kake kallo babu burauzar da za ta cece ka, kuma yawancin datarmu a TikTok da Facebook da situs ɗin WhatsApp take ƙarewa, waɗannan kuwa ba ta burauza suke bi ba.

Ita ma Brave tana da nata. Akwai shafukan da za su ƙi buɗewa sai ka taɓa kan zakin nan ka sauke musu garkuwar da ke tare talla. Tana kuma zuwa da tarkacen kirifto, walat da wani kuɗinsu wai BAT da suke ba wanda ya yarda ya kalli tallansu na kansu, shawarata ka kashe wannan ka huta, ba abin da zai sayi ko kwandon tumatir ɗaya ba ne. Sannan duk kalmomin sirrinka da ke ajiye a asusun Google ba za su biyo ka da kansu ba. (Mu ma fa masu rubutu da tallan nan ake biyanmu, in kana son shafi ka ɗan sassauta masa.)

Ka gwada da kanka Alhaji. Sati ɗaya ka yi karatunka da Brave, sati ɗaya da Opera Mini, sai ka shiga saitin waya wajen lissafin data ka ga abin da kowacce ta ci, wayar ba ta san kunya ba za ta nuna maka.

TAMBAYA: Salam Yaya. Ni ɗaliba ce a Akoka, gidanmu na Idi-Araba. Ƙawayena sun dame ni da wata burauza wai Comet, mai AI a ciki, wai tana karanta maka takarda ta taƙaita har ta cike maka fom. Anya ba ta fi Chrome amfani ga ɗalibi ba?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Waɗannan kam su ne sababbi na gaske. Kamfanin Perplexity ya fitar da Comet a Yulin 2025, OpenAI masu ChatGPT suka biyo da tasu Atlas a Oktoba, da farko a kwamfutar Mac kawai. Duka biyun kuma, kin dai san zancen, Chromium ne a ƙasa. Abin da suka ƙara shi ne ɗan aike a gefe, ki buɗe dogon rubutu ki ce ya taƙaita miki, ko ki ce ya duba shafukan nan biyar ya gaya miki inda suka saɓa, kuma wajen karatu yana da daɗi ba ƙarya, in dai za ki koma ki duba asalin rubutun don yakan yi kuskure da ƙarfin gwiwa kamar ya rantse.

Inda nake jan kunnenki shi ne wajen barin shi ya danna abubuwa a madadinki. Ɗan aiken nan ba koyaushe yake bambance maganarki da maganar da ya tsinta a shafi ba. Mugu na iya ɓoye umarni cikin shafi, farin rubutu a kan farin bango wanda idonki ba zai gani ba amma shi zai karanta, a ce masa ya buɗe imel ɗinki ya kwaso kaza, shi kuma ya ɗauka aike ne. Masu binciken tsaro sun nuna hakan na yiwuwa, kuma kamfanonin da kansu sun yarda matsalar ba ta gama warwaruwa ba. Kamar ki aiki yaro kasuwar Mushin da jakarki a hannunsa, duk wanda ya kira shi a hanya ya amsa. To ki yi karatu da ita, amma banki da imel da shafin rajistar makaranta ki bar su a tsohuwar burauzarki. In kuma taƙaitawar kawai kike so, tsofaffin ma sun saka nasu, Edge na da Copilot, Brave na da Leo.

TAMBAYA: Malam ni ɗan canji ne a Marina, iPhone nake riƙewa. Wacce zan sauke ta fi Safari sauri? Kuma in na buɗe Incognito shi ke nan ba wanda zai san inda na shiga?

AMSA: Ranka ya daɗe, a iPhone a nan Najeriya duk burauzar da ka sauke, ko Chrome ko Firefox ko Brave, da injin Safari take tafiya, WebKit, haka Apple ta shar'anta, a Tarayyar Turai ne doka ta sa ta sassauta a 2024. Saboda haka ba wani saurin kirki da za ka samu, sai dai in toshe talla kake so ko haɗa wayar da kwamfutar shago. Shi kuwa Incognito wayarka kawai yake hana ta ajiye tarihi, wato yaron shago in ya ɗauka ba zai gani ba, amma kamfanin layinka da mai wayifai ɗin da ka hau suna iya ganin shafin da ka nufa, shafin da ka shiga da asusunka ma ya san kai ne.