Amsa ga ɗan ƙanena a kan rubuta wa shaida bayani

Ɗana, na karanta saƙonka inda kake tambaya ko al'adar lauyoyi ce su rubuta wa shaida bayaninsa na rantsuwa, shi kuwa ya zo ya sa hannu kawai, tunda haka ka tarar ana yi a ofishinku. Na yi murmushi da na ga ka kira abin al'ada, daga baya kuma raina ya ɓaci kaɗan, domin tsarin shigar da bayanin shaida a rubuce tun kafin a fara sauraron ƙara bai tsufa ba. Babbar Kotun Legas ce ta shigo da shi cikin ƙa'idojinta na 2004, sauran jihohi suka bi.

A zamanin da na fara aiki a Kano, shaida da bakinsa yake ba da labari, tafinta na juyawa zuwa Turanci, mai shari'a na rubutawa da hannu. Akwai wata shari'ar gona da maigidana ya tura ni ƙauye in zauna da wani dattijo da ya halarci cinikin. Na je da takarda na rubuta masa shekara da adadin kuɗi, ina so ya haddace. Da na dawo, maigidana ya karɓi takardar ya ninke, ya ce da ni maganar aro kamar rigar aro ce, ba ta zama daidai a jikin mutum, kuma lauyan ɗaya ɓangaren daga ɗinkin zai fara ja. Ya mayar da ni har sau biyu, ya ce in saurara kawai.

Ranar shari'a, lauyan da ke tambayoyin ƙure ya matsa wa dattijon a kan shekarar ciniki, yana jiran ya ruɗe. Dattijon ya gyara rawaninsa ya ce shi bai san lissafin Bature ba, amma shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira ce, domin da sababbin takardun aka biya, mai gonar ma ya ƙi karɓa sai da liman ya ƙirga masa, kuma daminar ba ta yi albarka ba. Kowa a kotun ya san 1973 yake nufi. Lauyan ya sake kewayowa ta hanyoyi uku, amsar ba ta motsa ba.

Yanzu ina ganin shaidu biyar da bayani iri ɗaya, kalma da kalma, an kai su gaban kwamishinan rantsuwa sun dangwala yatsa a kan Turancin da ba a karanta musu da Hausa ba. Kwamfuta ta sauƙaƙa muku kwafi, kun daina zuwa ƙauye. Rubutawa dai dole ku rubuta, ƙa'ida ce. Idan ka zo hutun Sallah, taho da bayanin shaidar da kake aiki a kansa yanzu, ka gaya mini sau nawa ka zauna da mutumin kafin ka buga shi.