Na biya amma ofis sun ce ba su gani ba

Ka ce tun jiya ka biya kuɗin lasisi amma ofishin sun ce ba su ga komai ba, to ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ai kuɗin ba hannun ma'aikacin yake zuwa ba. Lambar nan da aka ciro maka kafin ka biya ita ce ke nuna waye ya biya kuma na menene. Banki ya karɓa ya tura asusun gwamnati, sannan akantoci su haɗa lambarka da abin da ya shigo, a nan ake samun jinkiri musamman in hutun ƙarshen mako ya ratsa. Duba rasit ɗinka sosai, lamba ɗaya in ta kuskure kuɗin maƙalewa yake. Ka koma musu da rasit ɗin, kuma don Allah kar ka sake biya tukuna.