Tambaya da Amsa: Jarrabawar SAT

Tambaya: Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare, yana son shiga jami'a a Amurka. Yaya SAT take, kuma ina ɗalibai suka fi tuntuɓe?

Amsa: Hajiya, a kwamfuta ake rubuta ta, ta manhajar Bluebook, cikin awa 2 da minti 14. Ɓangare biyu gare ta: karatu da rubutu tambaya 54, lissafi 44, maki kuma daga 400 zuwa 1600. Kowane ɓangare zango biyu ne, kuma ƙoƙarin ɗalibi a zangon farko ke tantance wahalar na biyu. Nan ake yin asara: wanda ya yi sakaci tun farko sai a ba shi tambayoyi masu sauƙi, makinsa kuma ba zai kai ƙololuwa ba. Don Allah kada ya bar tambaya babu amsa, domin ba a rage maki saboda kuskure.