Taki, taliya da minti biyar a masallaci: inda doka ta ja wa ɗan takara layi

Barista, assalamu alaikum. Ni ɗan takarar majalisar dokokin jiha ne a ɗaya daga cikin mazaɓun ƙasar Daura, kuma yawancin akwatunana a ƙauyuka suke. Kodinetocina sun tsara cewa duk garin da za mu shiga a kai wa maza taki, mata taliya da sabulu, a ba masu babura kuɗin mai, sannan bayan sallar Juma'a liman ya ba ni minti biyar in gaisa da jama'a. Wani ma ya ce a riƙa rubuta lambar katin zaɓen duk wanda ya karɓa, don mu san namu. Abokin hamayyata yana yin abin da ya fi haka, amma an ce mini ina iya shiga matsala. Ina gaskiyar take?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya faɗa maka haka masoyinka ne. A cikin tsarin nan akwai abin da za ka yi hankalinka kwance, akwai wanda sai da dabara, akwai kuma biyu da za ka soke tun yau: lambar kati da minti biyar na masallaci.

Na san karkararmu. Ba a shiga gari hannu rabbana, kuma wanda ya tara dattawa a zaure ya tashi bai ajiye goro ba, sunansa ya ɓaci kafin motarsa ta hau kwalta. Sai dai Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Fabrairun shekarar, kafin sabuwar doka ta maye gurbinta a 2026 (lambobin sassa da hukunce-hukuncen da zan ambata duk na ta 2022 ne), ba ruwanta da sunan da aka laƙaba wa abin, ihsani ne ko goro ko kuɗin shan ruwa. Manufa take dubawa. Sashe na 121 ya ce duk wanda ya yi kyauta, ko ya ba da rance, ko ya yi alkawari, da kansa ko ta hannun wani, domin a zaɓe shi, ya ba da cin hanci. Hukuncin da ta tanada a lokacin shi ne tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa masa duka. Wanda ya karɓa shi ma mai laifi ne, wato har tsohuwar da aka miƙa wa taliya ka jawo wa. Sashe na 127 kuma ya kama raba kuɗi don karkatar da mai zaɓe tun daga ranar da aka sanar da ranar zaɓe, ba sai an zo layi ba.

To yaya alƙali zai gane manufa, tunda zuciya ba a buɗe ta? Daga abin da ya kewaye kyautar. Yaushe aka ba da ita, wa aka ba, wa aka tsallake, me aka faɗa wajen miƙawa. Mutumin da ya saba kai taki garinsu duk damina tun kafin ya yi tunanin fosta yana da abin faɗa a kotu. Wanda ya sauke buhuna saura mako guda zaɓe, kodineta na riƙe da littafi yana kiran suna, ana cewa kowa ya ɗaga katinsa, wani lokacin har a ɗora hannu a kan Alƙur'ani, wannan ya rubuta wa mai gabatar da ƙara shaidarsa da hannunsa. Littafin lambobin nan shi ne igiyar da ke ɗaure kyautar da ƙuri'a. In har abin ya kai ga karɓar katin ko sayensa, sashe na 22 ya fi zafi, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 a dokar 2022.

Kada ka ce ai ba da hannunka ka miƙa ba. Dokar ta ɗauka ɗan takara ya aikata laifin matuƙar da saninsa da yardarsa aka yi. Ga shi kai da kanka ka ce sun tsara, kuma ka sani.

Shawarata a kan takin da taliyar, a cikin kwanakin kamfen ka janye rabon mutum-mutum. Ba don ana kama kowa ba, ni da kai mun san ba a kamawa sosai, sai don wanda ake kamawa galibi shi ne wanda ba shi da gwamnati a bayansa, kuma wayar da za ta ɗauke ka hoto tana aljihun kowane yaro a filin. Alkawarin aiki ga gari baki ɗaya, a ce in Allah ya ba mu za mu kai kukan rijiyar burtsatse ko rufin firamare gaban majalisa, wannan manufar takara ce, ba laifi ba ne. Amma ka keɓe wani a zaure ka ce in akwatin nan ya fito ɗanka ya sami aiki, ka koma cikin sashe na 121.

Kuɗin mai kuwa da sauƙi. Sashen ya ware halastaccen kuɗin da aka kashe da gaskiya wajen hidimar zaɓe. Mai babur da ya yi jigilar kujeru, mai lasifika, mai girki, ejan ɗin akwati, duk a biya su haƙƙinsu, a rubuta aikin da kowa ya yi ya sa hannu. Rubutun zai yi maka amfani ta wani gefen ma, domin doka ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe; a 2022 sashe na 88 ya ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha naira miliyan 30 gaba ɗaya.

Masallaci babu dogon bayani. Sashe na 92 ya hana kamfen a wuraren ibada, ofisoshin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati, kuma a 2022 ya tanadar wa ɗan takara tarar da za ta iya kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12. Ka yi sallarka cikin sahu, ka gaisa da liman kamar kowa, taron a yi shi a filin kasuwa ko ƙofar gidan wani magoyin bayanka. Ka kuma ja kunnen masu riƙe lasifika da maroƙa, don sashen ya hana zagi da cin mutunci, sashe na 97 kuma ya hana neman ƙuri'a da addini ko ƙabila. Gaisuwar hakimi ko dagaci ladabi ne, ka je ka faɗi ka yi gaisuwa, amma a bar tuta da taken jam'iyya a waje. Shi ma rawaninsa kake kare masa.

Ba ka tambayi batun izinin taro ba, amma zai taso. Tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, ta yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki, kuma sashe na 91 ya ce ba za a hana ɗan takara taronsa ba. Duk da haka ka rubuta wa DPO takardar sanarwa, a buga mata hatimi ka riƙe kwafi, saboda tsaro da kuma ranar da ku biyu za ku nemi fili ɗaya. Kada ka ɗauki ƙauraye da sunan masu gadi. Kamfen yana rufewa saura awa 24 zaɓe, ranar zaɓe kuma babu neman ƙuri'a cikin mita 300 daga rumfa.

Sai abokin hamayyar taka. Abin da yake yi ba zai wanke ka ba, amma kana iya amfani da shi. Ka kai rahoto a rubuce ga INEC da 'yan sanda, ko EFCC in kuɗi ake rabawa. In sakamako ya fito ba yadda kake so ba, kwana 21 kacal gare ka ka shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kuma da yake zargin sayen ƙuri'a zargin laifi ne, sai ka tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, ka kuma haɗa shi da ɗan takarar kansa. A nan yawancin ƙararraki ke faɗuwa, don "kowa ya gani" ba shaida ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ka koya wa ejan-ejan ɗinka su rubuta rana da wuri da sunan mai rabon, su ajiye bidiyon a wayar da ta ɗauka, kuma ka zaɓi waɗanda za su yarda su tsaya gaban alƙali a Katsina su maimaita abin da suka gani.