Iƙamarka ta ɗalibi ce, kada ejan ya ara maka adireshi

Wani ɗalibi da ke karatun kwamfuta a Madina ya rubuto min yana cewa: "Malam, ina son shiga shirin Google Summer of Code, amma iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta ɗalibi ce. Wani ejan a Jidda ya ce in ba shi riyal 1,500, zai rubuta min takardar neman shiga, ya kuma sa min adireshin Amurka don kuɗin su fi yawa. Kawuna na Makka ya ce in bar wasan kwamfuta in zo mu yi hidimar alhazai. A gida kuma Yaya har ya fara lissafin kayan ɗakin ƙanwarmu da kuɗin. Kaina ya kulle."

Ƙanena, mu fara da ejan, don shi ne zai fi saurin kai ka ya baro. Tun 2005 Google ke gudanar da wannan shiri, inda yake biyan masu koyon rubuta manhaja kuɗi su yi wa wasu ƙungiyoyi aiki ta intanet, kuma ba a biyan ko sisi kafin a nema. Ba Google ke zaɓenka kai tsaye ba. Ƙungiyoyin da ke gina manhajojin da kowa ke iya gani ya gyara su ne ke zaɓa, kuma mai jagoran da zai riƙe hannunka ya fi duba abin da ka riga ka gyara musu a GitHub, shafin da ake ajiye aikin manhajojin, tun watan Fabrairu da Maris fiye da daɗin Turancin takardarka. To ejan zai zauna ya amsa tambayoyin mai jagora a madadinka? Na ga yaron da aka rubuta wa takarda mai kyau kamar a lasa, ranar da aka kira shi hira aka ce ya bayyana shafi na biyu, sai ya kama in-ina yana kallon silin. Kuɗinsa sun tafi, sunansa ya ɓaci a wurin mutanen da zai sake nema wata shekara.

Maganar adireshin Amurka kuwa ta fi muni. Gaskiya ne ana biya gwargwadon ƙasar da mutum yake zaune: matsakaicin aiki na awa 175 daga dala 1,500 zuwa 3,300, babba na awa 350 daga 3,000 zuwa 6,600. Amma ta Payoneer, kamfanin tura kuɗi ta intanet, kuɗin ke zuwa, kuma sai an tantance takardun shaidarka. Idan asusun da sunan wani aka buɗe, to kai ka yi noma, wani ya kai rumbu.

Tarkonka na gaskiya yana cikin sharaɗi guda da mutane ke tsallakewa: dole ka kasance kana da izinin aiki a ƙasar da kake zaune lokacin shirin. Iƙamar ɗalibi ta karatu ce, ka fi ni sani. Mafita kuwa tana hannunka. Abin da Turawa ke kira lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne hutunku, mu kuma a Kano damina ce. Ka karɓi huruj da auda, wato bizar fita da dawowa, ka koma gida, ka rubuta Najeriya a matsayin mazauninka, tunda can ba wanda zai tambaye ka izinin aiki. Ko mafi ƙarancin kuɗin aka ba ka, naka ne, da sunanka. Idan jarrabawa za ta riƙe ka a Madina a makonnin farko, ka faɗa wa mai jagoranka tun wuri, domin ana iya tsawaita aikin har mako 22. Ka duba kwanakin bizarka sun rufe duk zaman, ka kuma tanadi sola ko wurin caji kafin ka sauka.

Kawu ka ba shi haƙuri cikin ladabi. Shiga Makka lokacin Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, ka kuma yi aiki da iƙamar ɗalibi, ƙarshensa tarhil ne, wato kora daga ƙasar, kuma ranar da aka sa ka a mota ba da kawu za a tafi ba.

Yaya ne ya fi ba ni haushi, Allah Ya huci zuciyarsa. Mutum dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ake ɗauka a duk duniya cikin dubban masu nema, sai watan Mayu ake sanar da suna, kuɗin kuma kashi biyu ake biya, kowane sai ka ci gwajin mai jagora. Ya za a auna gado da katifa da abin da ko fom ba a cike ba? Haka muke yi wa 'ya'yanmu na waje: an ji kalmar dala, an ɗora musu bikin gida gaba ɗaya, yaro ya shiga tsoron kunya har ya faɗa hannun ejan. Ka kira Hajiya da kanka, ba ta bakin Yaya ba, ka ce mata nema kake yi, ba a ba ka ba tukuna, kuma idan Allah Ya sa an dace, kwamfutar da kake aiki da ita ce farkon abin da za a canza, sauran ka ba ta da hannunka ta raba yadda ta ga dama.