Haya ta taru, gwamnati ta hana tashin 'yan haya: ina mafita?

An yi wannan tambaya da amsarta a 2021, lokacin korona. Dokokin hana tashin 'yan haya da ƙwace gida da shirin tallafin haya da aka ambata a ciki na wancan lokacin ne, sun riga sun ƙare.

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina rubuto maka ne daga Bronx a birnin Niyok, inda na shekara 24 ina tuƙin tasi. Da abin da na tara da bashin banki na sayi wani ɗan gida, shago a ƙasa, sassa uku a sama. Ina zaune a ɗaya da iyalina, sauran na zuba 'yan haya, kuma da kuɗinsu nake biyan banki da harajin gida da ruwa da man ɗumama ɗakuna.

Tun shigowar korona komai ya dagule. Mai askin da ke shagon ya hana ni kuɗin wata 3 na lokacin kulle, wai ba shi ya rufe ba, gwamna ne. Akwai wata mata da ba Musulma ba, mai 'ya'ya biyu, tana gyaran ɗakuna a otal aka sallame ta. Ina bin ta wata 9, sai dai takan kawo dala 200 ko 300 in ta samu. Na ukun shi ya fi ƙona min rai. Ɗan'uwa ne Musulmi, sahu ɗaya muke bi, aikinsa bai tsaya ko na yini ɗaya ba, amma wata 11 ke nan ban ga ko sisinsa ba. Ya sa hannu a takardar da ɗan haya ke cikewa cewa yana cikin matsi don kada a tashe shi, alhali da idona na gan shi yana nuna wa mutane hoton ginin da yake yi a gida, har an kai linta. Kotu kuwa ba ta tashin kowa a wannan shekara ta 2021. Abokai sun ce in canza makulli ko in rufe ruwan zafi. Ya halatta? Zan iya ɗora musu tarar jinkiri da ke cikin yarjejeniyarmu? In na yafe wani abu, zan iya lissafa shi a zakkata? Kuma in na faɗi halin wannan ɗan'uwa a masallaci, na yi giba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillah, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa. Alhaji, Allah ya yaye maka. Ɓacin rai ya sa ka zuba mutum uku a kwando ɗaya, alhali kowannensu hukuncinsa daban ne a shari'a. Kafin in rarrabe su, bari mu fara da dokar da ta ɗaure maka hannu.

Umarnin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a watan Satumba na 2020, da dokar da jiharku ta kafa ranar 28 ga Disamba na shekarar, wadda aka tsawaita zuwa ƙarshen Agustan 2021, abin da suka hana shi ne fitar da mutum daga gida. Ba su shafe bashin ba, yana nan a wuyan mai shi. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne kada mutane su rasa matsuguni su cunkushe a gidajen 'yan'uwa da wuraren kwanan marasa galihu, cutar ta ƙara bazuwa. Hukuma tana da ikon taƙaita wani abu na halal na ɗan lokaci don kare rayuka, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, bai shiga Sham ba saboda annoba, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo masa da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take ko fita daga cikinsa. Kai kuma ka zauna a ƙasar nan ne bisa alkawarin bin dokarta a abin da ba saɓon Allah ba, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida tana cewa ku cika alkawura.

Saboda haka canza makulli, da rufe ruwan zafi, da fitar da kayan mutum waje, duk ba su halatta gare ka ba. Ko a ƙasar da alƙalin shari'a yake zaune, mai gida ba ya yanke wa kansa hukunci ya kuma zartar da hannunsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Ruwan da za ka rufe, yara biyun nan ne za su fara jin sanyinsa, su da ba ka bin su komai. Tun 2019 kuma jihar Niyok ta mayar da irin wannan kora laifin da ake gurfanar da mutum a kansa. Abokan da suka ba ka shawarar ba za su raka ka gaban alƙali ba.

Na fara da mai aski, domin a nan ne nake jin amsata ba za ta yi maka daɗi ba. Haya a fiƙihu sayar da amfani ce. Kai ka sayar masa da amfanin shago, wato ya buɗe ya yi aski, shi kuma ya biya. Daga daren 21 ga Maris na 2020 gwamna ya rufe shagunan aski, ba a bar na birnin Niyok sun buɗe ba sai 22 ga Yuni. A tsakanin nan amfanin da aka ƙulla ciniki a kansa ya yanke, ba da laifinsa ba, ba da naka ba. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci wannan mas'ala da sunanta tun ƙarnuka da suka wuce. A babin haya na Muhtasar, Shehu Halilu ya lissafa umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware haya. Asalinsa kuwa umarnin Annabi ne a hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, cewa a sauke wa mai saye kuɗin 'ya'yan itacen da bala'i ya afka wa, har ya ce da wane dalili za ka ci dukiyar ɗan'uwanka ba da haƙƙi ba. Maganar mai askin nan ke nan tana da tushe, ko da bai san tushen ba.

Sai dai ba na cewa ka tashi a tutar babu. Kujerunsa da madubansa sun kwana a shagonka wata ukun nan, makulli yana aljihunsa, bai sallama maka wurin ba. Wannan ma amfani ne, kodayake bai kai na aski ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi matsaya a shekara ta 1402 bayan hijira cewa idan wani lamari na gama-gari da ba a zata ba ya sa cika yarjejeniya ya zama asara mai nauyi, alƙali yana iya raba asarar tsakanin ɓangarorin biyu. Abin da nake gani shi ne ku zauna ku yi sulhu a kan wani kaso kaɗan, kuɗin ajiyar kaya, ka sauke masa sauran. Idan kuma ya karɓi tallafin da gwamnatin tarayya ta ba ƙananan 'yan kasuwa, wanda aka yarda a biya hayar shago da wani ɓangarensa, to abin da ya karɓa da sunan haya ba nasa ba ne, ya miƙo maka. Mai yiwuwa lauya ya ce maka takardar yarjejeniya tana ba ka kuɗin duka. Ka tuna hadisin Ummu Salama: wanda aka yanke masa wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, yankin wuta aka yanka masa.

Matar nan ba haka take ba. Ta zauna a gidan, ta kwana, ta yi girki, amfanin ya isa gare ta cikakke, don haka kuɗin wata 9 bashi ne tabbatacce a kanta. Amma ita ce wadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ambata: idan wanda ake bi yana cikin ƙunci, sai a saurara masa har ya samu sauƙi, kuma ku yafe ya fi muku alheri da kun sani. Saurarawar wajibi ce, yafewar ce ta ganin dama. Ayar ba ta ware Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Dala 200 ɗin da take hawowa da ita ƙofarka ita ce shaidarta. Mai niyyar cinyewa ba ya kawo kaɗan. Muslim ya ruwaito daga Abul Yasar cewa wanda ya saurara wa mai ƙunci ko ya rage masa, Allah zai sa shi a inuwarsa.

Saurara mata ba ya nufin ka naɗe hannu. A ranar 1 ga Yunin 2021 jiharku ta buɗe shirin tallafin haya na ERAP, wanda a shekarar yake biyan bashin haya har na wata 12 kai tsaye ga mai gida, kuma ba a sharɗanta takardar zama a ƙasa ga mai nema ba. Dole ɗan haya da mai gida kowa ya cike nasa ɓangaren. Ka ɗauki takardar yarjejeniya da lissafin watannin, ka sa ɗaya daga cikin yaranka masu hannu a kwamfuta ya zauna da ita su cike. Kuɗin halal ne gare ka. Sharaɗin da za ka ɗauka shi ne ba za ka ƙara mata haya ba tsawon shekara, ba za ka tashe ta don wa'adin yarjejeniya ya ƙare ba a cikin shekarar, kuma za ka bar tarar jinkiri.

Tarar jinkirin nan dama ba taka ba ce, a kan kowa a cikinsu. Da zarar haya ta zama bashi, duk ƙarin da aka ɗora saboda an makara riba ce, irin ta jahiliyya da ake cewa ko ka biya ko ka ƙara. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haramcin ƙari a kan bashin da aka jinkirta a zamanta na Jidda a 1990. Dokar jiharku ta yarda da tarar da ba ta wuce dala 50 ko kashi 5 cikin 100 na hayar wata ba, amma yardar doka ba ta mayar da ita halal.

Yanzu ɗan'uwanka na sahu. Idan yadda ka faɗa haka ne, ni kuma bakinka kaɗai na ji, to shi ne wanda Annabi ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya haɗa laifi biyu: ya riƙe haƙƙinka yana da halin biya, ya kuma sa hannu a kan ƙarya a takardar da ake cikewa bisa rantsuwa. Bulon da ake jerawa a can da kuɗin hayarka ake jera shi. Dokar da aka yi don irin matar nan ya fake da ita, kuma kariyar da ta ba shi a kotu ba ta halatta masa ko dala ɗaya. A mazhabarmu wanda ya ci bashi a madadin wani amfani ana ɗaukarsa mai hali har sai ya kawo shaidar rashi, don haka ba a wajabta maka saurara masa ba.

Game da faɗin halinsa, hadisin Abu Dawuda da Nasa'i ya ce taurin bashin mai hali yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Malamai sun fassara mutuncin da cewa ka ce wane ya zalunce ni, ya riƙe min kuɗi. Hukuntawar kuwa ta alƙali ce. Kai ƙararsa wurin liman da dattawan da yake jin kunyarsu ba giba ba ce. Tashi bayan sallar Juma'a ka kama lasifika, ko ka watsa hoton gininsa a zauren WhatsApp na jama'a, wannan ya wuce neman haƙƙi ya koma huce haushi, kuma matarsa da 'ya'yansa za su kwashi kunyar da ba su jawo ba. Ka fara samunsa kai da shi, domin hoton gini ba ya nuna wanda ya biya kuɗin siminti, wataƙila akwai abin da ba ka sani ba. In ya ƙi, ka sa dattawa biyu su zaunar da ku, a rubuta adadin bashin da yadda zai riƙa biya wata-wata, ya sa hannu a gaban shaidu kamar yadda ayar bashi ta yi umarni. Annabi da kansa ya sasanta Ka'abu ɗan Malik da wanda yake bi a cikin masallaci, ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan tashi ka biya. In duk wannan bai yi ba, neman kuɗinka ta kotu halal ne, haka ma karɓar gidanka idan wa'adin dokar ya cika. Kada dai ka taya shi cike takardar tallafi da bayanin da ka san ƙarya ne don kuɗinka su fito.

Zakka kuwa, jumhurun malamai, har da Imamu Malik, ba su yarda mutum ya yafe bashin da ya fid da rai da shi ya lissafa a zakka ba, domin dukiyarsa yake ceto da haƙƙin talakawa. An ruwaito sassauci daga Hasanul Basari da Aɗa'u. A naka lamarin ma saɓanin bai taso ba: mai gini ba matalauci ba ne, matar ba ta cikin waɗanda ake ba zakkar farilla a wurin jumhur, mai aski kuma yawancin abin da kake nema a wurinsa ba bashi ba ne. Abin da ka yafe wa matar sadaka ce, ladanta daban. Kuɗin hayar da ba su shigo hannunka ba babu zakka a kansu, sai ka karɓa shekara ta zagayo suna nan.

Ban manta kai ma ana bin ka ba. Dokar Disamban nan ta ba masu ƙananan gidaje, waɗanda sassansu ba su wuce 10 ba, damar cike tasu takardar matsi don a dakatar da ƙwace gida saboda bashin banki ko haraji. Ka nemi masu ba da shawarar shari'a kyauta a unguwarku su duba maka, ka kuma kira bankin ka nemi a ɗage maka biya tun kafin wasiƙunsu su taru. Batun ruwan da ke kan bashin bankin mas'ala ce mai zaman kanta, ka rubuto min yadda kuka ƙulla shi in duba.

Wallahu a'alam.